Layi Biyu

Wata goma sha ɗaya ban rubuta sunan kowa ba a ƙauyen nan.
Sifili, sifili, har hannuna ya saba,
jere a littafi kamar ƙwan kurciya,
ina lallaɓa shafin kada ɗaya ya fashe.

Ran Talata waya ta yi ƙara daga asibitin Wete:
Mwanaidi, shekara shida,
jiki kamar garwashi, jini ya nuna layi biyu.
Na ɗaure akwatina a bayan babur,
na ratsa tabarmin da aka shanya kanumfari.
Pemba duk tana ƙamshi,
ni kuwa lissafin kwanaki nake yi.

Uwar ta shimfiɗa mini tabarma a gindin kwakwa.
Na ce, wa ya yi tafiya a gidan nan?
Ta ce, yarinyar ko jirgi ba ta taɓa takawa ba,
ubanta Makame iyakarsa bakin ruwa,
kakarta rabonta da kasuwa tun kafin azumi.

Yatsu tara na huda.
Tara na jira, minti goma sha biyar-biyar,
kaza na tsattsagar ƙasa kusa da ƙafata.
Layi ɗaya, layi ɗaya, har na tara.

To, daga ina?
Sauro ai ɗan dako ne, ba shi da haja tasa,
abin da ya tarar a wani jiki
shi yake sauke wa wani.
Kuma fiffikensa bai kai ya ƙetare teku ba.
Sai dai a biya wa cutar kuɗin jirgi,
ta zauna a jijiya, ta yi shiru,
ta sauka a tasha ba wanda ya tambaye ta takarda.

Ina naɗe kaya na hango riga a kan igiya
bayan ɗakin ajiya, ba irin ta gidan ba.
Au, in ji uwar, ai masu tsinkar kanumfari ne,
daga tsallake suka zo, wata guda ke nan.
Waɗannan baƙi ne, ba ki ce baƙi ba.

Masanja ya sauko daga bishiya yana dariya,
ƙato, gumi na sheƙi a kafaɗarsa.
Ya ce, ni? Dube ni da kyau.
Rabona da kwanciya tun ina yaro.
Ya miƙo yatsa mai kanta, sai da na huda sau biyu.
Muka zuba wa ɗan farin tsinken ido.
Na farko ya fito.
Na biyu ya biyo, siriri, kamar mai jin kunya.

Dariyar ta tsaya.
Ya ce, ni na ba yarinyar?
Ita ce fa ke kawo mini ruwa.
Na ce, ba ka sani ba, ba wanda ya sani.
Ga ƙwayoyi, safe da yamma, kwana uku,
ga gidan sauro, ka rataya yau.
Ku nawa ne?

Biyu, ya ce. Mabula ya tafi jiya,
jirgin dare, matarsa ta haihu.

Na isa tasha magariba ta kawo jiki.
Ba abin da zan tarar, na sani, amma na je.
Ruwa ya riga ya shafe sawun jirgin.
Wani kuma na shigowa, cike da mutane da buhuna,
'yan biki, 'yan makaranta, mai zuwa gaisuwar mutuwa.
Wa zan tare? Ni ma uwata a Tanga take,
duk salla ta wannan ruwan nake bi.

Na buga wa ma'aikacin tsallake,
na karanta masa suna da lambar waya.
Ya ce layin na yankewa, in maimaita.
Na maimaita.

Da dare na buɗe littafin.
Ƙarƙashin ƙwai goma sha ɗaya na rubuta biyu,
na bar fili a gefe da fensir.
Gobe akwai gida huɗu a bayan masallaci,
kuma man babur ya kusa ƙarewa.