Fam Biyar a Maiurno

Ranar da Sanda ya cika shekara a ƙasa
na sha shayi gun Tabawa, a bakin kogi.
Ta miƙo mini canji, fam biyar
da ta sha hannu har ta koma tsumma.
A gefenta, da jan biro: gawayi biyu, bashi.
Na san wawun nan mai doguwar jela.
Rubutun ƙanena ne.

Tabawa ta dafe ƙirji.
Ta ce mamaci ba ya aike a banza,
je ka biya masa, ya samu ya kwanta.

Ustaz Jibo na lissafi bai ko ajiye kofinsa ba.
Ya ce garin nan hannu nawa ne?
Daga mai nama zuwa mai kalanzir zuwa Tabawa
kuɗi ke kewayawa, kamar jakin niƙa.
Fam nawa suka ratsa aljihunka bana
ba su ce maka komai ba?
Waɗannan wa ya ƙirga su?
Faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama.

Ɗanliti mai kwalekwale yana ɗinkin koma.
Ya ce kogin nan ya ci mini fitila,
ya ci rediyo, ya ci tunkiya.
Sau ɗaya ya maido mini takalmi, ƙafar hagu,
kuma labarin takalmin kaɗai nake bayarwa.

Na kwana ina juya takardar.
Ita ta neme ni, ko idona ya tare ta?
Shekara guda ina ganin Sanda
a ƙeyar baƙo, a tarin maƙwabci,
mai nema kuwa ko a bango sai ya ga fuska.
Amma ran nan fa? Me ya hana jiya?
Na tambayi lissafi, ya ce jiya ma da ka yi kuka.
Na rasa bakin musu,
zuciya kuma ta ƙi sa hannu.

Da safe na je gun mai gawayi.
Ya buɗe littafi, ya bi layi da yatsa har ƙasa,
babu Sanda.
Na ba shi kuɗin buhu biyu duk da haka.
Ya karɓa yana kallona.

Fam biyar ɗin tana cikin hulata.
Ban san abin da ta ce ba.
Na dai daina karɓar canji ban duba ba.