Idanun Durga

Kakana Haripada yumɓu ya gada, bai gaji gona ba.
A lungunmu na Kumartuli, bayan mashigar kwale-kwale,
damina na ja da baya laka ke isowa daga Ganga
a kan kawunan maza, baƙa wuluk, da ƙarnin kifi.
Sai ya murza ta tsakanin yatsa biyu,
ya kai hanci, ya ce, "Ta yi."

Gora ce ƙashi, karan shinkafa tsoka,
igiya ke riƙe hannu goma a kafaɗa biyu.
Ina 'yar shekara bakwai na ce,
"Har goma, Kaka? Biyu ba su isa ba?"
Ya ce, "Je ki tambayi uwarki, in ta sami sukunin amsawa."

Yana yaɓe yana ba ni labarin Mahisha,
ɓaunan da ya roƙi alfarma aka ba shi:
kada namiji ya ga bayansa, a sama ko a ƙasa.
Mace kuwa bai sa ta a lissafi ba.
Alloli suka tara fushinsu wuri guda,
wuta ta tashi, ta miƙe tsaye da gashi har baya.
Shiba ya ba ta mashi mai baki uku,
Bishnu ya ba ta faifai mai kaifi,
dutsen Himalaya ya ce ga zaki, hau.
Kwana tara ana ɗauki ba daɗi.
Na goma ɓauna ya gane kurensa, a makare.

Ni aikina ƙananan abubuwa ne:
ɓeran Ganesha mai kan giwa, jelar ɗawisun Kartik.
Mujiyar Lakshimi ce ke ba ni wuya,
kullum sai ta fito kamar kaza mai mura.

Ido ne ƙarshe. Ranar Mahalaya, kafin gari ya waye,
fitila ɗaya, ciki babu ko ruwa,
Kaka kan hau kujera da buroshi siriri kamar tsinke.
Shekara hamsin da biyu yana buɗe mata ido.
Bana yana ta rufe nasa.

Ya laluba goshinta, ya laluba kunci,
ya tsaya. Na ji numfashinsa.
Sai ya miƙo buroshin inda yake zaton nake,
ya ce, "Jumur, zo."
Baffa Gobinda ya yi gyaran murya:
"A gidan nan mace ba ta taɓa yi ba."
Kaka ya ce, "Haka Mahisha ma ya yi lissafi."

Hannuna na rawa kamar mazari.
Na ja na dama, dogo har kusa da kunne.
Na hagu ya ɗan haura, ni kaɗai na sani.
Na ukun a goshi, a tsaye, kamar ƙwayar shinkafa.
"Tana kallonki?" in ji shi.
Na ce, "Tana kallona."
"To kauce. Ba ke kaɗai ta zo gani ba."

Ranar Dashami aka ɗauke ta da ganguna,
mata sun shafe juna da jan gari,
aka juya ta sau bakwai, aka kwantar a ruwa.
Zanen jikinta ya yi iyo. Zaki ya narke.
Idanuna na farko suka bi kogi, baƙi-baƙi,
na yi kuka har da majina.

Kaka bai ce mini maya ce ba, kamar yadda firist ke faɗa.
Cewa ya yi, "Aro muka yi, mai abu ya karɓa."

Da safe yaran bakin kogi suka kawo gorar da suka tsamo,
jiƙaƙƙiya, da sauran igiya a jikinta.
Ya shafa ta daga sama har ƙasa,
ya gane ɗaurinsa,
ya zauna ciniki.