Awa Ashirin

Awa ashirin a mako, nan ne iyakata.
Na rubuta a bayan kwalin shayi,
na manna a jikin firji:
Litinin shida, Laraba shida, Asabar takwas.
In tsohuwar ɗaki na tara ta riƙe hannuna
tana kirana da sunan 'yarta da ta rasu,
sai na saci kallon agogo
kafin in ji tausayinta.
Haka Bradford ta koya mini.

Kai kuwa, Jazuli, ba ka ƙirga komai.
Tun asuba kana wankin motoci a bayan Leeds Road,
ka tashi yatsunka sun yamushe
kamar dabinon da ya kwana a ruwa,
aljihunka cike da fam goma-goma
da ba su taɓa ganin ƙofar banki ba.

Sau ɗaya na tambaye ka.
Ka ce takardunka na wurin lauya.
Na ce, wane lauya?
Ka ce, "Miyar nan da kika kawo, har da daddawa?"

Ban sake ba. Amma ido ba shi da linzami.
Na ga yadda ka canja hanya a Manningham
don motar 'yan sanda ta tsaya sayen kofi.
Na ji wayarka ta yi ƙara,
ka amsa sunan Daniel
da wata murya da ban san ka da ita ba.
Ranar da mahaifinka ya rasu a Malumfashi
ka zauna a matakalar gidanku har dare,
ba ka ko duba kuɗin jirgi ba.
Ni na duba maka.
Ka kife wayar.

Anti Dije ta ce ruwa ba ya tsami banza.
"Namijin da ya ce a ɗaura a masallaci kawai,
ban da ofishin rajista,
ki ɗaga tabarmarsa ki leƙa.
Ba ke yake nema ba, yarinya,
bizarki yake zawarci."

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Bizata?
Wadda ta cinye gonar Baba ta bakin rafi,
ta haɗa da sarƙar Inna,
kuma za ta mutu ran sha bakwai ga Janairu?
Ko ɗan tsako ba za ta iya goyawa ba.
Sau huɗu na karanta dokar, da ƙamus a gefe:
irin karatuna ba ya ɗaukar miji.

Ga abin da ban faɗa wa Anti ba:
kai ma ban faɗa maka ba.
Ina tsoron fuskarka a daidai lokacin,
ko za ta faɗi,
ko ba za ta motsa ba,
kuma ban san wanne zan iya ɗauka ba.

Akwai kuma makon da abokiyar aikina ta kwanta asibiti,
na yi awa ashirin da uku.
Ukun nan suna nan a ƙirjina
kamar tsakuwa cikin shinkafa.
Duk ambulan mai ruwan ƙasa da ya faɗo ta ƙofa
sai na yi bisimilla kafin in taɓa.
To, wa zai binciki wa?

Jiya a tashar bas, ana yayyafi,
ka ciro safar hannu daga jaka,
sabuwa, da takardar farashinta ba ka cire ba,
ka ce, "Sa, yatsunki sun yi sanyi."
Tambayar tana ƙarƙashin harshena,
na gama jera ta tun a aji.
Na buɗe baki,
sai ga bas.

Ka tsaya baya kamar kullum,
har kowa ya shiga,
kana duban waɗanda ke ciki
ɗaya bayan ɗaya.