Shafi na Ɗari da Tara

A kwalin sabulu na zuba su,
littafi sittin, na ɗaure da tsohuwar roba.
A tashar Yamai yaron mota ya ɗaga, ya yi nishi:
"Malam, dutse za ka kai wa Tawa?
Ai suna da nasu."
Na biya kuɗin kaya, ban yi musu ba.
Shekara huɗu na yi ina fasa dutsen nan.

Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni.
A Tsarnawa aka jibga albasa bisa kwalina.
Har yau wanda ya buɗe babi na uku
sai idonsa ya kawo ruwa,
ni kuwa ba na faɗa wa kowa dalili.

Gidan rediyo ya ba ni minti bakwai
tsakanin sanarwar rasuwa da tallar maganin shawara.
Mai shirin ya kira ni da sunan wani.
Na amsa.

Malam Arzika ya jera kujera arba'in a zauren matasa.
Mutum goma sha ɗaya suka zo,
biyu don fanka, ɗaya don cajin salula.
Ina tsakiyar gaisuwa wuta ta ɗauke,
masu fanka suka yi sallama.
Na karanta da maƙogwaron da Allah ya ba ni,
zufa na ɗiga kan baƙaƙen.

Wani ɗan lakkwal ya ce nawa nake samu.
Wani tsohon malami ya ɗaga sanda:
"Ka rubuta rijiya gaba biyar. A ƙauyenmu?
Ka taɓa jan guga kuwa?"
Ban taɓa ba. Na rubuta gyaransa a tafin hannu.

Sai da aka fara naɗe tabarmi ta matso,
tsohuwa Tsahara, jikarta Kuluwa na biye,
riƙe da littafina, wani na aro,
ba bango, an liƙe bayansa da ƙullun gari,
yana ƙamshin hayaƙin murhu.

Ta ce, "Ni ban yi boko ba.
Wannan ke karanta mini bayan lisha,
shafi biyu, kada batir ya ƙare.
Mun kai inda Hankurau ya hau motar Abijan.
Nan na ce ta tsaya.
Kwana goma sha biyu ke nan ba mu juya ba.
Nawa ma haka ya hau, da buhu ɗaya,
bana damina tara.
Kai da ka san gaba, faɗa mini:
naka ya dawo?"

Na san abin da na yi masa a shafi na ɗari da tamanin.
Wata Talata ce, da shayi a gefena,
na gama da shi cikin layi uku,
har na tashi na zaga ɗaki
don daɗin yadda jimlar ta zauna.

Na ce, "Inna, yana hanya."
Ta dube ni, irin duban mai auna hatsi
ga wanda ya kawo tiya mai lanƙwasa.
"Haka nawa ma yake cewa."

Ba ta sayi sabo ba.
Yagaggen ta miƙo in sa hannu.
Na tambayi yadda ake rubuta sunanta,
ta ce a'a, sa Nomau.

Bakwai na sayar, biyu bashi ne.
Da dare a ɗakin baƙin Malam Arzika
sauro ya hana, na kunna tocila,
na zaro ɗaya daga ƙasan kwali,
na buɗe inda na sani.
Layi ukun suna nan, ba su motsa ba.
Can wata unguwa, ƙila yanzu,
yarinya na tsotsar yatsa za ta juya shafi,
tsohuwa na cewa bari tukuna,
bari sai gobe.