Takardar da Luba Ta Kawo

Bayan la'asar Luba ta dawo daga gari.
Kabu-kabu ya sauke ta gadar Kwalkwalawa,
ta gangaro fadama da takarda shafi shida a hannu.
Ta iske ni tsugune gaban injin ban-ruwan Arzika,
baƙin mai har gwiwar hannu, fulogi a bakina.

"Baba, ga abin da ake karantawa a jami'o'i.
An ce in zaɓi guda kafin Alhamis."
Na ce, karanto mini, ɗiyata,
hannun nan ba na taɓa farar takarda ba ne.

Sai sunaye suka yi ta zuba
kamar buhun gero ya yage a kan hanya:
ilimin sinadarai, ilimin tsirrai,
na duwatsu da abin da ƙasa ta ɓoye,
na ƙwayoyin da ido ba ya gani sai an ara masa madubi,
na haske, na zafi, na abin da ke sa dutse faɗowa.
Na ce, har faɗuwa ma sai an je makaranta?
Ta yi dariya, har jakin Arzika ya ɗaga kunne.

Ta juya shafi: injiniyan lantarki,
injiniyan hanya da gada, injiniyan injuna.
Nan na tofar da fulogi.
Shekara ashirin da bakwai ina kwance cikin ƙarfe,
na san ciwonsa da kunne tun daga nesa,
amma wanda ya fara zana fistin
ban san ko da wane alƙalami ya yi ba.
Na tuna shekarar da Rima ta yi fushi ta datse hanya,
muna tsaye, mu da malaman jami'a, muna jiran kwalekwale.
Na so in ce, wannan, Luba, ɗauki wannan.
Na haɗiye. Maƙogwaro ya yi mini ɗaci.

Lissafi ta karanta a hankali,
kamar mai faɗin sunan wanda take jin kunya.

Can ƙasan shafi na ƙarshe ta ce: kiɗa.
Na ce, mi?
Ta ce, kiɗa, Baba, shekara huɗu, a wani gari mai nisa.
Sai ga Hali ƙanena tsaye a idona,
da kukumarsa mai tsarkiyar gashin doki,
wanda ake ba tuwo a ƙofar gida ba a ce ya shigo ba,
wanda muka binne ba takarda, ba ko hoto.
Ashe akwai inda ake shimfiɗa wa kukuma kujera,
a kira mai ita malam.
Hali, ka yi sammako da yawa.

Rana ta sauka kan albasa.
Na mayar da fulogi, na ja igiya,
injin ya yi tari, ya kama,
ruwa ya bi kwali yana sheƙi.
Arzika ya fara laluben aljihu.

Luba ba ta ce komai ba,
yatsunta kawai ke bugun gwiwarta.
Can ta ce, "Baba, bai warke ba.
Duk bugu bakwai yana tsallake ɗaya."

Na kasa kunne.
Shida, bakwai, shiru. Shida, bakwai, shiru.
Na ɗauko sufana.

Kafin in ɗago ta riga ta zana biro a wani wuri,
ta naɗe takardar, ban ga inda ta zana ba.
Ban tambaya ba.
Na dai karɓa in riƙe mata ta gyara ɗankwali,
babban yatsana ya bar tambarinsa a gefe,
baƙi wuluk.

Ta duba, ta ce a bar shi, haka za ta kai.