Mu Bakwai, Lido Huɗu

Ruwa ya tsare mu a Agege tun la'asar,
kwata ta tumbatsa har bakin ƙofa,
an ɗauke wuta, wayoyi duk sun mutu.
Tasi'u ya ce, to, me za mu buga?

Lido gida huɗu gare shi, mu kuwa bakwai,
ɗan rawaya ma ya ɓace tun bara,
murfin kwalba ke riƙe masa gurbi.
Karta? Inna Tabawa ta tsuke baki:
ba a ɗakinta ba, ƙanwar caca ce.

Kawu Barau dara yake so.
Ya dubi ƙasa, ya ga siminti.
Shekara talatin a Ikko,
yatsansa bai daina neman yashi ba.

Maman Bisi ta leƙo aron ashana,
ta koma ta dawo da allon ayo a hammata,
ramuka goma sha biyu, 'ya'ya masu santsi.
Biyu su zauna, saura su yi ihu.

Inna ce ta fara cinye Kawu.
Da aka kawo wuta
babu wanda ya tashi neman caja.