Kawunan Kifi

Fansho bai shigo ba, wata uku ke nan.
Ni na iya haƙuri, Dunƙule ba ta iya ba:
tana zaga ƙafata, tana kuka ƙasa-ƙasa
kamar mai bin bashi.

Bazara ta gasa simintin tsakar gida.
Na ja kaskon ruwanta gindin darbejiya,
na jiƙa tsohon buhu ta kwanta.

Da la'asar Ladidi mai kifi a Ƙofar Doka
ta aiko jikanta da ƙullin leda:
kawuna huɗu.
"Wai ba naka ba ne, Malam Tanimu, na kyanwa ne."

Na zare ƙayoyin, na tura mata.
Cikina ya yi ƙara.
Ta ɗago, ta dube ni,
ta bar guda.